Zoɓon da na kira wa Liman

Me ya hana ni in tambaye shi kawai? Har yau idan na zauna ni kaɗai a ɗakin nan na Dakata, wannan tambayar nake juyawa, ban samo mata amsa ba.

Ranar dai ba za ta taɓa fita daga raina ba. Malam, maigidana, Allah ya jiƙansa, kuku ne a gidan wani mutumin Labanan mai kamfanin roba a Bompai. Kullum ya dawo bayan la'asar, sai ya zauna bakin murhu ya ba ni labarin abin da ya dafa: gasasshen naman rago da tafarnuwa da man zaitun, da wani cuku mai gishiri. Ni ko ƙofar gidan ban taɓa gani ba, amma na san tukwanensu kaf.

Wata rana ina shara na ga baƙar kwalba mai dogon wuya a bayan randa. Na ɗaga ta a haske, sai ga jan ruwa. Da ma na ji mata na cewa mutanen nan jar giya suke sha da abinci. Na leƙa ta taga da yamma, na ga Malam ya gutsuri nama, ya kurɓa daga kwalbar, ya rufe ido yana gyaɗa kai.

Ban ce masa uffan ba (ni mai hankali ke nan). Washegari na yafa mayafi na kirawo Liman da Yaya Habu, yayan Malam. Maƙwabta suka ga shigowarsu, yara suka cika zaure.

Na dire kwalbar a tsakiyar tabarma ina kuka. Yaya Habu ya ce, "Da furfurarka, Malam?"

Liman ya buɗe, ya shinshina. Ya ce, "To ni dai ban san warin giya ba." Yaya Habu ya ce shi ma haka. Duk suka juyo suka dube ni, kamar ni ce na sani.

Malam bai ɗaga murya ba. Ya tsiyaye ruwan a kwano, sai ga ganyen zoɓo da kanumfari da ɓarin goro a ƙasa. Ya ce, "Allah gafarta Liman, ubangidana yana so in dafa abin da zai dace da giyar ƙasarsu, ni kuwa ba zan sa ta a baki ba. Matarsa ta ce tana da tsami, da bauri mai kama harshe, da ɗan ƙamshin kayan yaji. Shi ne na haɗa wannan, ba sukari, in riƙa gwadawa. Da naman rago mai kitse tana tafiya, tana wanke maiƙo. Da kifi kuwa ba ta shiri."

Liman ya kurɓa, ya yamutsa fuska. Ya ce, "Zoɓo ne, amma wanda ya dafa shi ba ya tausayin mutane." Ya nemi a ba shi naman ya gwada. Shi da Yaya Habu suka cinye abincin darenmu tas, ina tsaye jikin bango ina fatan ƙasa ta buɗe.

Unguwa ta yi wata guda tana kirana Uwar Hisba. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne, Malam bai taɓa yi mini faɗa ba, kuma bai sake ba ni labarin girkinsa ba. Ya dawo, ya yi sallama, ya ci tuwo, ya ɗauki rediyonsa. Na koyi cewa maganar da ta isa mutum biyu ba a tara mata jama'a, amma na koya bayan babu sauran maganar.

Yanzu nakan dafa zoɓon nan mara sukari, in sha ni kaɗai (har yau ba shi da daɗi, a rubuta haka).

Ranar da ciwon ajali ya tsananta wa Malam, na miƙe da sauri ina laluben mayafi. Ya kamo bakin zanena, da ƙyar muryarsa ke fita. Ya ce, "Wannan karon kada ki kira mini kowa, Ladi. Zauna kawai."