Na Yi wa Bishiyar Bitrus Dashen Dawa

Ko na so, ba zan taɓa mantawa da Kirsimetin da na tsaya a tsakar gidan mutane a Gwarzo riƙe da busasshen itace ba.

Malam Bitrus abokin aikina ne a makarantar da muke koyarwa a Kabo, mutumin Filato. Wata shekara ya dawo daga hutu da 'yar bishiya a bokitin fenti, irin mai ganye sirara kamar allura ɗin nan da ake kira bishiyar Kirsimeti. Ya dasa ta a bayan gidansa na makaranta, kullum da safe sai ya ba ta ruwa kafin ya karya. Mu kuwa tsiya muke masa: ba 'ya'ya, ba inuwa, ko akuya ba ta kallonta. Sai ya yi dariya ya ce, "Ku ƙyale ta, ƙanshin garinmu take yi."

Da ya rasu, dole matarsa Maman Nanret ta bar gidan makaranta ta kama haya a Gwarzo. Lokacin bishiyar ta kai ƙirjina. Ta ce mini, "Malam, kaya duk an ɗaure, wannan ce kawai ban san yadda zan yi da ita ba. Ko in nemo masu fulawa daga Kano, masu sana'ar dashen furannin nan?"

A nan bakina ya ja mini. "Haba Maman Nanret! Ni da na tashi a gonakin Kutama? Tun ina ɗan mitsitsi nake dashe." (Gaskiya na faɗa, sai dai dashen dawa ne.)

Kuma dashen dawar na yi mata tsaf. Na sassare gefe da fartanya, na tumɓuke ta, na kakkaɓe ƙasar jikin saiwar tas, sannan na datse kanta kamar yadda muke rage wa dawa ganye. Na ɗaure ta a bayan babur, saiwa a waje, rana na dukanta har Gwarzo, na dasa ta a tsakar gidan hayar. Da Maman Nanret ta ga guntulallen kan, sai ta riƙe haɓa. Na ce, "Toho za ta yi, ki zuba ido. Ko darbejiya haka ake mata."

Abin da ya ruɗe ni, duk sanda na leƙa sai in ga da sauran kore a jikinta. Ashe irin wannan bishiyar takan mutu tun ba ta nuna ba.

Ranar Kirsimeti ta gayyace mu cin shinkafa, ni da maiɗakina. Gidan cike da dangin marigayi, har da tsohuwar da ta haife shi. Na ci na ƙoshi, maimakon in yi godiya in tafi, sai na miƙe.

"Mama, ga bishiyar ɗanki, ni na dasa ta da hannuna. Dubi yadda ta kama!"

Na damƙe ta na girgiza don a ga ƙarfinta. Ganyen ya zubo shaa a kan takalmina, itacen kuma ya biyo hannuna ya fito daga jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ina tsaye kamar mai tallan tsintsiya. Tsohuwa ta sa bakin zane tana share ido.

Maman Nanret ta zo ta karɓa a hankali. Ta ce, "Ba komai Malam, na daɗe da sanin ta mutu. Ruwan dai nake zuba mata da safe, don lokacin ne yake ba ta. In na daina, ban san me zan yi da safiyar ba."

Wallahi da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Na ce zan je har Jos in sayo wata. Ta girgiza kai. "Ai ba shi ne zai kawo ta ba."

Har yau ina dashen dawa, kuma tana kamawa. Amma in aka nuna mini abin da wani ke lallaɓawa aka ce wa ya iya, hannuna nake zubawa a aljihu in ce, "A nemo masu fulawa daga Kano."