Kujerar Kyaftin a Jirgin Takarda

Ranar an tashi da zafi mai nauyi, irin na George Town idan hadari ya haɗu a kan teku ya ƙi saukowa. Cheng Beng ta matso, lokacin share kaburbura da ƙona wa mamata aike, don haka shagon Ooi mai takarda ya cika har bakin titi. Gidaje, motoci, riguna, wayoyi, duk na takarda da tsagin gora. Can ciki tsohuwa Siew Gaik ce zaune a benci tana fifita. Sai ga jikanta Teik Lye, mai koyar da tuƙin mota, ya shigo yana share gumi. Ubansa ne ya turo shi ya ɗauko aiken kakansa da ya rasu bara, ya kuma tabbatar an yi komai bisa al'ada.

"Ah Ma, kin ci abinci?"

"Na ci. Kai ba sai na tambaye ka ba, tumbinka ya riga ka shigowa ya ba ni amsa."

"Gado ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ina kayan Ah Kong ɗin?"

"Ga shi a gabanka, makaho."

Teik Lye ya duba. Wani abu ne ja wur, mai ƙafa uku, da tagogi zagaye da shi, da wata laima a ka, tsawonsa ya kai ƙirjin mutum. Ya zagaya shi, ya sake zagayawa.

"Tukunyar shinkafa za mu aika masa? Mutane na aika wa nasu gidan bene da mota, mu kuma tukunya mai laima. Ai sai maƙwabtansa a can su ce gidan masu ci ya fito."

"Gidanku!"

"Ai gidan naki ne."

"Jirgi ne, ɗan nema. Jirgin Matuƙan Bayan Wata."

Duk wanda ya kai shekarunta a tsibirin nan ya san shirin. A zamanin da talabijin ba ta da launi ake nuna shi, duk yammacin Alhamis. Kyaftin ne da mutanensa suke yawo tsakanin taurari, yau su sauka a duniyar da duwatsu ke magana, wani mako su faɗa hannun masu kan kifi. Unguwa guda talabijin ɗaya ce, a shagon mai kofi, kuma in an fara ko mai bara ba ya samun mai amsa masa. In ka zura ido kana hango zaren da aka rataye jirgin da shi. Ba wanda ya damu. Mijin Siew Gaik bai taɓa fashin mako ba, kuma bayan an daina nunawa ya ci gaba da ba da labarinsa har haƙoransa suka zube. Hoton jirgin bai rage a ko'ina ba, don haka ita ta zauna ta yi wa Ooi kwatance, shi kuma ya yi ta lanƙwasa gora har ta ce ya yi.

"To tsaya," in ji Teik Lye. "Ba ke ce kike cewa shirin banza ne ba, ko sau ɗaya ba ki kalla ba? A ina kika ƙirga ƙafafunsa?"

"Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai."

"Kuma ja? A talabijin mai baƙi da fari?"

"Ni toka-toka na gani. Kakanka ya rantse ja ne. Mun yi wannan musun har muka aurar da ubanka."

"Ashe ya ci ki."

"Bai ci ni ba. Jirginsa ne, ya je can ya ji kunya shi kaɗai."

Teik Lye ya durƙusa ya leƙa ta taga. A tsakiya akwai babbar kujera mai hannuwa, a kanta ɗan mutumin takarda ne da hula da farar riga, hannayensa a kan sitiyari.

"Kai, har da direba. Ah Pek Ooi, hannunka na da kyau. Shi ke nan, a ɗaure mu tafi."

"Ba inda za a tafi," in ji tsohuwar. "Shi nake jira a cire tun safe."

Ooi ya ajiye kwanon manne. "Na faɗa mata. Ubana bai taɓa sakin mota babu direba ba, ni ma haka. Abin hawa in ya isa can ba mai jansa, ajiye shi ake yi ya zama kayan kallo."

"Kin ji ko? Baba ma cewa ya yi in ba a cika al'ada ba kada in ɗauko. Ko so kike gobe ya tsaya a gaban kabari ya ce ba zai kyasta ashana ba?"

"Ubanka ni na koya masa kyasta ashana."

"Ah Ma, tuƙi sana'ata ce, bari in gaya miki. Mutumin da ya hau babur sau ɗaya a rayuwarsa ya ƙare a kwata, shi za ki danƙa wa jirgin sama? Ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Zai tashi ya daki wata, a wayi gari rabi ya rage, a ce daga gidanmu ne."

"Kwatar ce ta taso ta tare shi, ina wurin. Kai fa, gwani? Ɗalibanka ai su suka hana kajin unguwarmu tsufa. Rannan na ga wata da ka yaye tana ba da hannun dama tana shiga hagu."

"Wannan gwaninta ce, rikita abokan gaba take yi."

"Ja'iri. Da kai aka ba jirgin nan da tuni masu kan kifi sun yi miya da kai."

"Ke kuwa da kin je, ko harbi ba za a yi ba. Ki buɗe baki kawai, su kwashe 'ya'yansu su bar duniyar."

Ooi ya yi dariya har da tari. Siew Gaik ba ta yi ba. Ta ɗora mafici a cinya, tana kallon ɗan mutumin takardar. Da ta sake magana muryarta ta sauka.

"Ah Lye, ka san aikin kakanka."

"Jirgin fito."

"A jirgin fiton, me yake yi?"

Teik Lye ya sosa ƙeya. "Igiya."

"Igiya. Ya jefa, ya ɗaure, ya kwance. Daga wannan gaɓa zuwa waccan, daga waccan zuwa wannan, tun yana da gashi har kansa ya zama kamar ƙwai. Ɗakin matuƙi na bisa kansa, ko tsaninsa bai taɓa takawa ba. In ya dawo ranar Alhamis sai ya ɗauki murfin tukunyata ya zauna a kujerar kicin yana juyawa, yana ba bango umarni. Ni in yi ta zaginsa saboda shinkafata na hucewa. Yanzu kuma in aika masa jirgin da ya yi ta mafarki, ya buɗe ƙofa da murna, ya tarar wani ƙato ya riga shi zama? Wallahi na san shi. Ba zai ce tashi ba. Gaishe shi zai yi, ya koma baya ya tsaya."

A waje wani babur ya wuce. Teik Lye ya tuna murfin nan, don shi ma an ɗora shi a cinya yana ƙarami an ce ya duba taga ya faɗi in ya hango dutse. Ya sake leƙa jirgin, ya daɗe a durƙushe.

"Ah Pek," ya ce, "al'adar cewa ta yi lallai a sa mutum a ciki, ko lallai sai a kan kujera?"

Ooi ya yi tunani. "A ciki dai."

"To ɗaga shi. Kai shi bakin ƙofar baya, ka cire masa hular nan, ka murɗa takarda ka ba shi igiya ya riƙe."

Tsohuwar ta kalle shi, sai dariya ta ƙwace mata har tana dukan benci da mafici. "A ba shi! Shi ma ya ɗanɗana. Ya jefa, ya ɗaure, ya kwance!"

"Baba zai leƙa ya ga mutum a ciki, shi ke nan. Amma ki sani, in wata ya fashe ba ruwana."

"Na ji. Ashe akwai abu a kan nan ban da gumi."

"Kin ci ni yau, tsohuwa. Na sallama."

"Kullum ma. Muje in saya maka taliya da jatan lande, kada tumbin ya kai ƙarata."

Ooi ya sa ɗan tsinke ya ɓamɓare mutumin a hankali, ya mayar da shi baya. Washegari aka ƙona jirgin a kan tudun maƙabarta, kujerar tsakiya ba kowa.

Shirin Matuƙan Bayan Wata ba a nuna shi a ko'ina yanzu, kuma waɗanda suka kalle shi suna ta raguwa. Amma tsofaffin da suka zo share kaburbura ran nan sun gane jirgin tun daga nesa. Tun daga nan, duk Cheng Beng sai Ooi ya yi irinsa, wasu su ce ja, wasu kore, wasu ruwan azurfa, kowa da launin da nasa ya rantse a kai.