Gidan da Na Gina wa Inna a Kan Burtali

Ko tsufa na yi ba zan manta da ranar da shanu suka zo duba min gini ba. Yau sati uku ke nan, amma har yanzu in na ji kukan saniya sai na waiwaya.

Yayana da ke aiki a kudu ne ya ce zai gina wa Inna gida a Tambuwal, domin ɗakinta na ƙasa a Kebbe ya tsage, ba lallai ya jure wata damina ba. Ya sayi fili a bayan gari, ya ce ni zan riƙe takardu tunda na gama sakandare. (Kada ku tambayi yadda kaina ya kumbura.) Na yi ta zarya tsakanin Kebbe da ofishin filaye har 'yan kabu-kabu suka san ni: shaidar saye, sa hannun mai unguwa, zanen gida, sannan izinin gini mai hatimi. Na sa su a leda, ko Inna ban yarda ta taɓa ba.

Ranar fitar da fandisho, magininmu Baba Sahabi ya tarar da dutsen iyaka ɗaya tak, sauran garmar manoma ta tone su. Ya ce, "To ɗiyata, daga wanga dutse, ina munka nufa?"

Ni kuwa tun tasowata duk abin da za a daidaita, da gabas ake daidaita shi: tabarmar salla, yankan rago, har kabari. Sai na fuskanci alƙibla, na miƙe zanen a gabana, samansa na kallon gabas, na nuna da yatsa kamar wata injiniya.

"Can."

Ya dubi wurin, ya dube ni. "Can?"

"Can, Baba. Haka takarda ta ce."

Ya ja igiya, ya zuba toka. Aka haƙa, aka zuba kankare, bulo ya hau har taga. Kullum ina tura wa Yaya hoto yana sa min albarka.

Wata safiya bayan girbi, ina tsaye cikin abin da zai zama ɗakin Inna, sai na ji ƙasa na rawa. Garke ne ya biyo hanyarsa, ya tarar da katanga. Na gaba suka tsaya, na baya suka turo. Wani bijimi ya zuro kai ta ƙofa, hucinsa a fuskata. Ban san lokacin da na haye tarin bulo ba, takalmi ɗaya a ƙafa, mayafina a bakin wata saniya, ina kwarma ihu ina kiran Inna (wadda ke Kebbe, ku lura).

Kafin a janye shanun, unguwa ta taru. Dattijon da ke da garken ya ce a hankali, "Yarinya, wanga burtali na. Tun zamanin kakana ta nan shanu ka bi."

Aka kira jami'in filaye, ya zo da gwangwanin jan fenti. Mai hankali da shiru za ta yi. Ni, daga saman bulon da na kasa sauka, sai na buɗe murya: "Ba wanda ya isa ya taɓa ginin nan! Ina da izini, da hatimin ofishinku! Ni ba jahila ba ce!"

Ya karɓi zanen, ya ce in nuna masa yadda na riƙe shi. Na nuna. Ya sa yatsu biyu ya juya takardar, ya ɗora farce kan wata 'yar kibiya a kusurwa. "Malama, saman zane arewa na, ba gabas ba. Filinku ga shi nan gefe. Ko bulo guda bai hau shi ba."

Dariyar da aka yi har yau tana kunnena. Wata mata ta ce, "Kai, boko ya yi rana!"

Na juya kan Baba Sahabi. "Baba, ka san burtali ne?"

"Na sani mana."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Ke kinka ce takarda ta ce. Ni mi nika sani ga takarda?"

Wallahi wannan ce ta fi ƙona min rai. Mutumin da ya yi furfura a gini ya ga ina jefa gidan uwata a hanyar shanu, ya yi shiru yana jera bulo! Maƙwabtan da suka yi ta min sannu da aiki, duk sun sani. Ofishin da ya buga hatimi, ko leƙo wurin ba su yi ba. Amma in na gama zagaye da fushin, kaina yake dawowa, domin an koya mana kibiyar nan a aji biyu, ina bayan aji ina cin gyaɗa.

An shafa fentin, an rushe. Da na faɗa wa Yaya, sai ya ce, "Ba Inna wayar." Tun ranar bai neme ni ba. Inna kuwa ta sa an tokare bangonta da azara biyu, ta ce Allah ya kai mu damina lafiya. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Yanzu kullum ina can ina tsintar bulon da bai fashe ba, ina kai shi filinmu na gaskiya a kai, ɗaya bayan ɗaya. Abin da na koya shi ne, a garinmu in kika ɗaga takarda kowa zai matsa ya ba ki hanya, har ki faɗa rami. Shanu ne kawai suka faɗa min gaskiya.