Perzidan na Yini Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na zama shugaban ƙungiya. Lokacin unguwarmu Zongo na nan daram, buldoza ba ta iso mu ba tukuna. Na ci jarrabawar bak, ta gama sakandare, da ƙyar, irin cin da ake kira "pasabul" (wato malamai sun gaji da ganinka, sun buɗe ƙofa ka wuce). Amma Inna ta riga ta shaida wa duk matan layinmu cewa ɗanta zai shiga babbar makarantar injiniyoyi, wadda ko masu manyan maki sai sun haɗa da azumi kafin su kai dosiyensu, wato takardun neman shiga.

Na kai kukana fadarmu ta shan shayi. A can akwai Musa, wanda muke kira Dokta, don babu jarrabawar shiga makaranta da bai faɗi ba a Wagadugu, saboda haka ya fi kowa sanin yadda ake cin ta.

"Maki ba komai ba ne," in ji shi, yana ɗaga buta sama. "Ranar ganawa da malaman makarantar, mutum suke nema, mai yi wa unguwa hidima. Kai me ka taɓa yi wa unguwa?"

Na yi nazari. "Ina gaishe da mutane."

"Wannan ba ya shiga dosiye."

Kafin shayin ya salance an kafa ƙungiyar matasa masu yasar kwata. Ni ne perzidan, wato shugaba, Dokta sakatare, sauran duk mataimakan perzidan. Hujja kawai ta rage, wato hoto.

Kwatar layinmu Dokta ya ce ba ta dace ba, duk wanda ya gan ta zai ce ƙungiyar ta gaza. Sai muka tsallaka unguwar Kuluba da shebur na aro da mai hoto, muka zaɓi wata kwata mai siminti a gaban gida mai koriyar ƙofa, furanni sun zubo kan katanga. Mun yi aiki, Allah shaida ne. Muka kwaso baƙar laka da ledoji da wani mataccen takalmi, muka tara tsibi a bakin ƙofar. Na tsaya kansa da shebur kamar maharbin da ya kayar da ɓauna. Mai hoto ya yi ƙyas, mataimaka suka ce rana ta yi zafi, muka watse. (Ba wanda ya kawo maganar kwashe tsibin. Ba ta cikin tsarin ƙungiya.) Washegari aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Ranar ganawa na shiga cikin kwat ɗin Kawu, hannuwana sun ɓace a ciki. Malamai maza biyu ne da wata madam mai tabarau. Suka duba makina na lissafi yadda likita ke duban hoton ƙirjin mai tari. Ban bari shirun ya yi tsawo ba, na zaro hotona, na zuba musu Faransanci kan kishin ƙasa da tsabtar muhalli.

Madam ta daɗe riƙe da hoton.

"Mushe perzidan, nan Zongo ne?" ta tambaya. (Mushe na Faransanci, wato malam.)

"Kewayen Zongo, Madam."

"Ƙofar tana da kyau."

"Sosai, Madam. Mutanen gidan ma sai sa mana albarka suke. Har ruwan sanyi suka aiko mana." (Ba wanda ya tambaye ni wannan. Kyauta na ƙara.)

"Ban tuna na aika da ruwa ba," ta ce, ba ta ko ɗaga murya ba. "Na dai tuna ruwa ya shigo mini har falo, da aikin ƙungiyarku gaba ɗaya a cikinsa. Takalmin nan na hoto, ƙarƙashin kujerata na tsince shi."

Ɗaya malamin ya kama tari, ɗayan ya shiga binciken alƙalaminsa kamar yau ya fara ganinsa. Ni kuwa na nemi shigewa cikin kwat ɗin Kawu, wuri kam akwai. Sai ta cire tabarau, ta ajiye Faransanci gefe, ta ce da Hausa garau, "Kai ɗan wane ne a Zongo?"

"Ɗan Hajiya Rabi, Tanti."

"Ikon Allah. Tare muka yi makarantar allo. Ka gaishe ta, ka ce ina jiran perzidan ranar Asabar. Ka zo da amalanke."

Na je, ni kaɗai. Dokta ya ce masassara, mataimaka duk suna da suna ko jana'iza, mai hoto kuma ba a gayyace shi ba.

Da sakamako ya fito, babu sunana. Inna, wadda labari ya riga ni isa gare ta, ta sa ni gaba muka je ba Tanti haƙuri.

"Rabi, kada ku ɗora wa kwata laifi," ta ce. "A fannin ƙarfin hali na ba shi maki mai kyau. Lissafi ne ya kayar da shi."

Na shekara ina lissafi, nesa da Dokta da butarsa. Da na sake gwadawa aka ɗauke ni, can ƙasan jeri, inda takarda ke shirin ƙarewa.

Daga baya buldoza ta cinye koriyar ƙofar da kwatar da fadarmu. Hoton ne kaɗai ya tsira, Inna ta rataye shi a ɗaki tana nuna wa baƙi. Abin da na koya bai da yawa: in makinka ya faɗa rami, shi za ka yasa, ka ƙyale kwatar mutane. In kuma lalle sai ka ɗauki hoto, ka fara tambayar ƙofar wa ce a bayanka.