Ranar da Waliyyai Suka Zana Hanya

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar nan ba. Daga kolej na samu aikin buga takardu a biro, wato ofishin masu aikin hanya, nan Madarumfa. Akwai odinata, wato kwamfuta, guda a ɗakin, haɗe da wata na'ura mai alƙalami da ke zana taswira a faffaɗar takarda. Shef Haruna, injiniyanmu, ya ɗora wa odinatar zanen hanyar gaba ɗaya, daga Safo har bakin tafki, sai ta koma kamar jakin da aka yi wa lodin gero: tun Alhamis take nishi, ba ta zana komai ba. Ga shi ranar Asabar ake jiran taswirar a Maradi.

Da safiyar Juma'ar Baba Ladan mai gadi ya ce mini, "Ƴata, hanyar taku kusa da kaburburan waliyyai za ta bi. Mutanen nan ba su son hayaniya."

Azahar ta yi, maza suka tafi masallaci, aka bar ni ni kaɗai. Gari ya yi tsit. Sai na ji ƙyas, ƙyas. Na waiga: alƙalamin na tafiya, ba hannun kowa. Ya ja dogon layi, ya tsaya kamar mai saurare, sannan ya shiga jera ƴan akwatuna dogaye, daidai gefen tafki. Wallahi kaburbura! Na fara Ayatul Kursiyyu, ta kuɓuce mini a tsakiya. Na fizge wayar kuran, wato lantarki, daga bango, na yafa wa na'urar kallabina (kada ku tambaye ni dalili), na fita a guje ba takalmi, na faɗa cikin masu dawowa daga masallaci ina ihu, "Sun zo! Sun shiga biro!"

Shef ya ɗaga kallabin, ya dubi allon da ya mutu, ya dafe kai. "Madmazel, kaburburan naki gadojin ruwa ne. Sai yanzu ta gama tunani, kika kashe ta."

Na ce yau aikina ya ƙare. Amma bai kore ni ba, ya zaunar da ni gefensa. Da lokaci ya ƙure, ya yanka hanyar gunduwa-gunduwa, ya cire zanen gonaki da itatuwa, yana ba ta kashi guda ta gama kafin ya ba ta wani. Taswira ta kai Maradi ranar Asabar.

Tun ranar sunana a biro "Mai gadin waliyyai". Na dai koyi cewa mai jinkirin amsa ba lalle aljani ba ne, kaya ne suka yi masa yawa. Amma duk Juma'a, waje nake zama kusa da tabarmar Baba Ladan. Shi ma, na lura, bai sake leƙa ɗakin ba.