Ranar da Na Goge Bindigar Kawu Tanko

Ba zan taɓa mantawa da aika-aikar da na tafka a Paki ba, ko da kuwa zan manta sunana. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, na dawo daga koyon kafinta a Zariya, kaina ya kumbura, komai na gani sai in ce ya tsufa.

Kawu Tanko, yayan mahaifiyata, maharbi ne. Ya ba ni bindigarsa ta toka ya ce, "Zoben tagullar nan ke motsi, ɗaure min shi kawai." Kawai fa ya ce! Amma ni da na ga ƙotar bindigar ta yi baƙi ƙirin, wani abu ya daskare mata kamar ƙanzon tukunya, sai tausayin tsohon ya kama ni (ji mai tausayi!). Na samo fasasshiyar kwalba na kankare ta tas, na bi da samfefa, takardar goge katako, na shafe ta da mai. Tagullar kuma ta sha lemun tsami da toka har ina ganin haƙorana a ciki.

Ban ma kai masa a ɓoye ba. Sai da na bari maharba sun taru a ƙofar gidansa za su fita farauta, na durƙusa, na kwance ƙyallen da na naɗe ta da shi, ina jiran yabo.

Kawu ya shafa ƙotar, ya sake shafawa.

"Ina jinin?" ya ce.

"Wane jini, Kawu?"

Wani dattijo a cikinsu ne ya yi min bayani, yana kallon ƙasa. Ashe duk dabbar da aka kashe, sai an shafa jininta a ƙotar, tun zamanin mahaifin Kawu. Abin da na kira dauɗa, shi ne kaɗai abin da uban ya bar masa.

Wallahi da ya mare ni da na fi jin daɗi. Sai kawai ya ce, "Sannu da aiki, ɗana," ya shige gida da ita. Bai fita farauta ranar ba, bai kuma ƙara fita ba har ya rasu. Abin yana cina har gobe.

Yanzu ko kujerar tsuguno aka kawo min gyara, sai na tambayi mai ita wace dauɗa ce ta gado kafin in ɗauki samfefa.