Rufin Ɗakin Mai Girma

Ranar Talata na ɗauki galan na nufi shagon Hudson neman man injin kwale-kwale. Sati biyar jirgin kaya bai leƙo tsibirinmu ba, don haka layi ya miƙe har bakin teku. Tun rana na bayan itatuwan kwakwa nake tsaye har ta hau tsakar ka. Da layi ya zo kaina, Hudson ya ɗaga tiyo ya nuna min bakinsa a bushe. Na juyo ina ƙunƙuni, sai na yi kiciɓis da wani mutum a bayana, shi ma da galan, ya ja hula ya rufe fuska. Tumbin na fara ganewa. Mai Girma ne, wakilinmu a majalisar da ta shuɗe.

Ku masu karanta shafin nan a babban birni kun fi ni sanin 'yan waccan majalisa. Zaɓe ya kakkaɓe su, kowa ya naɗe kwat ɗinsa ya koma tsibirin uwarsa. Ni aji uku na yi a makarantar mishan, amma ina da rediyo, kuma na kasa kunne. Ban taɓa jin bayin Allah masu ƙwazo irin waɗancan ba. Sun kafa kwamitoci, sun zaga duniya neman ilimi, sun ɗage zama cikin natsuwa. Namu sau biyu muka tura shi, shekara takwas ke nan, kuma sau ɗaya na ji muryarsa, ran da ya koka cewa sanyin zauren ya yi yawa.

"Baba Ellison," in ji shi, murya ƙasa ƙasa, "ina da 'yar magana."

"Ranka ya daɗe, ai a rubuce ake kawowa."

Haka sakatarensa ya faɗa mana lokacin da muka yi kwana biyu a teku don maganar tankin ruwan asibiti. Mai Girma ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya faɗi buƙatarsa. Rufin gidansu ya ruɓe, damina saura sati uku, yana neman gayya.

To, a nan ba a sayen rufi. Mata ne ke saro ganyen sago, wani itace dangin kwakwa, su zare ƙashinsa, dattawa su ɗinka shi a jikin sanda, masu ƙarfi su hau su ɗaure. Wanda ya zo naka, kai ma ka je nasa, shi ke nan dokar. Mai Girma kuwa rabon hannunsa da ganye tun kafin ya sayi takalmi sau ciki.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, mai gari Lonsdale ya tara mu a gindin mangwaro ya gabatar da maganar. Ba wanda ya shirya da wani, na rantse. Hudson ne ya fara miƙewa, bakinsa jawur da goron taunawa.

"Mai gari, magana ce babba, bai kamata a yi gaggawa ba. A kafa kwamiti."

Wani ya ce kwamitin ya fara zuwa tsibirin maƙwabta ya ga yadda suke nasu rufin. Wani ya ce kafin nan a kafa allo a ƙofar gidan, a yanka alade, a yi bikin ƙaddamar da aiki. Aka nemi a ƙirga hannuwa, sai aka tarar rabin maza sun sulale wai ruwa ya fara cikowa, za su janyo kwale-kwale. Mai gari ya duba hagu ya duba dama, ya ce jama'a ba su cika ba, an ɗage zama sai abin da hali ya yi.

"Wannan ai wulaƙanci ne," in ji Mai Girma.

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe, tsari ne. A wurinku muka koya."

Na koma gida ina dariya har da tari. Matata Dorkas tana kankare kwakwa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kun gama wasan, manyan ƙasa?"

"Mun ɗan koya masa hankali."

"Madalla. Wa ke kwana a ɗakin?"

Nan take na daina dariya. Inna Mabel ce ke kwana a ɗakin, mahaifiyarsa. Ta haura tamanin. Rabin garin nan a hannunta suka faɗo duniya, kuma babu rufi ɗaya daga coci zuwa bakin rafi da babu ɗinkinta a jikinsa, har da nawa.

Washegari na je gaishe ta. Daga kan tabarma kana hango sama ta wuri bakwai. A saman gadonta an ɗaure wata tsohuwar lema ta lokacin kamfe, da hoton ɗanta yana murmushi. Shi kansa yana tsugune a tsakar gida yana kokawa da ganye ɗaya, ya soke yatsa ya fi a ƙirga.

"Inna, don me ba ki aiko ba?"

"In aiko a ce in kawo a rubuce?" Ashe labari ya riga ni. Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Zauna, Ellison. Ba zan roƙe ku don shi ba, na san abin da ya yi. Amma ka faɗa wa 'yan majalisar gindin mangwaro: ni sau ɗaya na haife shi, ku sau biyu kuka zaɓe shi. In ruwa zai daki mai laifi, ba ta kaina ya kamata ya fara ba."

Gaskiya ce, da wannan yatsan nawa na dangwala masa, duka biyun, na biyun ma bayan na ci shinkafarsa da kifin gwangwani.

Ranar Alhamis aka busa kodin teku, ƙahon kiran gayyarmu, gari ya fito kaf, har masu janyo kwale-kwale. Kafin la'asar mun rufe ɓangaren Inna Mabel tsaf, ganye kan ganye, rufin da zai kai shekara goma. Da muka iso daidai bangon da ya raba ɗakinta da nasa, mai gari ya ce a sauko.

"Sauran rabin fa?" in ji Mai Girma.

Mai gari ya ce, "Na Inna, ta daɗe da biyansa da ɗinkinta, ranka ya daɗe. Naka kuwa, akwai gida shida da ke jiran rufi kafin ruwa. Ka zo nasu, su zo naka."

Ya zuwa yau ya je uku. Ɗinkinsa karkatacce ne, sai an bi bayansa an gyara, amma yana zuwa da wuri kuma ba ya tashi sai an tashi. Ruwan farko dai bai jira shi ba, jiya da yamma ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Dorkas ta ce ta hango shi ya naɗe tabarmarsa ya tsallaka ɗakin tsohuwa. Ban yi mamaki ba. Duk wanda ya saurari waccan majalisa ya san ba sai an koya wa 'ya'yanta sauya sheƙa zuwa ɓangaren da ba ya yoyo ba.